Neman shawara kan mahaɗin ƙwallo mai jure rairayi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana gyaran mota. A Jidda nake zaune, kuma na sa wa Hilux ɗina sabbin hannayen sasfenshan masu mahaɗin ƙwallo a baki maimakon bushin roba. Wata huɗu kacal suka fara ƙara, da bakanike ya kwance kuwa sai muka tarar rairayi ya cakuɗe da giris, ya cinye ƙwallon har yana girgiɗi a hannu.

Shin mahaɗi mai shimfiɗar Teflon (wata irin roba mai santsi) a ciki, wanda ba a sa masa giris, zai fi jure ƙurar nan? Mahaɗin da aka yi da kromoli (wani irin ƙarfe mai ƙwari) kuma ya cancanci tsadarsa, ko robar rufe mahaɗin ta wadatar? Don Allah wanda ya gwada ya taimaka mini, domin da motar nan nake ciyar da iyalina.