Gwazarma na cinye saiwar ciyawa a Lekki, yaushe ake zuba magani?

Mai Lambu Lekki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da ciyawar wani gida a unguwar Lekki ta Legas, irin ƙiri-ƙiri ce. Tun ƙarshen Satumba wasu wurare suka fara bushewa alhali ruwa bai ɗauke ba. Da na kama ciyawar na ja, sai ta taso gaba ɗaya kamar tabarma, babu saiwa. Ƙarƙashinta ga gwazarma nan kwance, fara, a lanƙwashe, kai ja, ƙafafu shida, wasu sun yi kauri sosai. Ɗan maigidan ya duba intanet ya ce a sayo maganin ƙwari mai suna imidacloprid, wai a Yuni ko Yuli ake zubawa. To ga shi mun shiga Nuwamba, maigida kuma yana son filin ya yi kore kafin baƙin Disamba. In zuba yanzu ko in jira?

Baban Obalende:
Wa alaikumus salam. Yaro, wannan Yuni da Yuli lissafin Amurka ne. Can ƙwaron da ke damunsu a tsakiyar lokacin zafinsu yake yin ƙwai, shi ya sa suka tsayar da waɗannan watanni. Mu nan ruwa ne ke tashe shi. Gwazarma ai 'yar ƙwaro ce. Idan ruwan farko ya jiƙa ƙasa sosai, wajen Maris zuwa Afrilu, za ka ga ƙwari masu ruwan ƙasa suna bugun fitilar get bayan magariba, da safe ka share su a ƙasa. To su ne iyayen. Su shiga ciyawa su yi ƙwai, bayan kamar mako biyu ya ƙyanƙyashe. Lokacin imidacloprid ke nan, tun tsutsar tana ƙarama. Wadda ka tono yanzu ta riga ta girma, in ka zuba mata shi kuɗin maigidanka kawai za ka ɓata.

Ɗan Agege:
Haba, ku sa mata fiya-fiya mana a huta.

Malamin Gona:
Ɗan Agege, don Allah a'a. Fiya-fiya iska ke kwashe shi, ba ya isa inda tsutsar take, ga haɗari ga yara da shi kansa mai feshin.

Malam Mai Lambu, maganar Baba haka take, ƙari kawai zan yi. Kafin ka sayi komai, yanka ciyawa ƙafa ɗaya tsawo ƙafa ɗaya faɗi a bakin wurin da ya bushe, inda kore ya fara, ka ɗaga ka ƙirga. Yi haka a wurare da dama. Masana a Amurka sukan ce sai an kai kamar 5 zuwa 10 a irin wannan yanki kafin a yi maganar magani. In ɗaya ce ko biyu, nemi matsalar a wani wajen.

Tsutsar tana saɓa sau biyu, a mataki na uku take cin saiwa da gaske, kuma a nan ne take da wuyar mutuwa. Trichlorfon ko carbaryl su ne ake amfani da su ga manya, in ka samu mai lambar NAFDAC, amma ba sa daɗewa a ƙasa kuma ba duka suke kashewa ba. Su cypermethrin maƙalewa suke a busasshiyar ciyawar sama, kada mai shago ya lallaɓe ka. In rani ya kama ƙasa ta bushe, tsutsar nutsewa take yi, don haka in za ka yi, yanzu ne. Ka ba filin ruwa kwana ɗaya kafin ka zuba maganin don ta hauro, ka aske ciyawar, ka kwashe tarkacen, ka zuba da yamma, nan take ka bi da ruwa kamar milimita 12. Ajiye gwangwanin madara a fili ka gani, in ruwan ya kai rabin inci ya isa.

Abu ɗaya game da Lekki: ƙasarku yashi ce, ruwa kuma yana kusa. Baɗi in za ka zuba imidacloprid, kada ka bari sai mamakon Yuni, zai wanke maganin zuwa kwata da rijiya.

Mai Lambu Lekki:
Na gode Baba, na gode Malam. Na ƙirga, wani wurin 8, wani 3. Wurin da ya riga ya mutu fa, zai farfaɗo?

Baban Obalende:
Ƙiri-ƙiri na da naci, in da sauran rai za ta yaɗo da kanta. Inda ta mutu ƙurmus, tone shi, tsince tsutsar da hannu ka ba kaji, ka ciro daga gefen katanga ka dasa. Ka riƙa ba ta ruwa safe da yamma har ta kama.