Me yake fashewa a ramin haƙar kwal?

Baban_Hauwa:
Assalamu alaikum. Na karanta labarin Soma ta ƙasar Turkiyya, inda mutum 301 suka rasu a ramin kwal a 2014, abin ya tsaya mini a rai. Kwal ai baƙin dutse ne kwance a ƙasa. Me ke kama wuta a ciki? Kuma babu yadda za a kare?

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. A Soma gobara ce, kuma yawancinsu hayaƙi mai guba na kabon monoksaid ne ya kashe su, ba wutar ba. Amma fashewar da kake tambaya a kai, galibi iskar metan ce ke fara ta. Tana tsattsafowa daga jikin kwal, ba launi ba wari. Da zarar ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ramin, ɗan tartsatsi daga inji ko waya ya ishe ta.

Ni dai a ganina ƙurar kwal ta fi ta haɗari, mutane ba su cika kula ba. Metan ta tashi a lungu ɗaya, ƙarfinta ya tayar da ƙurar da ke kwance a ƙasa da bango, ƙurar ta kama, wuta ta bi rami tana ci har nesa. Irin wannan fashewar ƙura ce ta faru a ramin kwal na Courrières ta Faransa a 1906, mutum 1,099 suka mutu. Maganin kuwa sananne ne: fankoki masu tura iska dare da rana, yayyafa ruwa wajen yankan kwal, sannan a watsa garin farar ƙasa ya rufe ƙurar. A ramin kwal na Upper Big Branch a Amurka, inda 29 suka mutu a 2010, bincike ya gano ba a watsa garin yadda ya kamata ba. Ilimin na nan, kashe kuɗin ne ake wa ƙyashi.

Umma_Sadiya:
Yallabai ka manta ruftawar rufi. Ita ba ta shiga labarai don ɗaiɗai take ɗauka. Shi ya sa ake kafa dogayen ƙusoshin ƙarfe su riƙe dutsen sama. Akwai kuma ruwa, idan aka fasa tsohon rami da ya cika.

Baban_Hauwa:
Na gode, Allah ya ƙara basira. To gaskiya ne ana shiga da tsuntsu?

Tsohon_Injiniya:
Gaskiya ne, a da ana shiga da kanari. Guba na kayar da shi kafin mutum ya ji komai. Birtaniya ta daina a 1986, yanzu na'urar auna iska ake ratayawa, tare da ƙaramin abin numfashi na gudun tsira.