Faifan garmaho ya fi waya daɗin sauti?

Kawu: Salamu alaikum. Jiya na buɗe adakar marigayi Yaya, na tarar da faya-fayansa na garmaho a nannaɗe cikin tsohon zane. Na ɗora wani na kukuma, mai juyi 33 a minti. Wallahi sai ka ce makaɗin na zaune a zaure. Ni dai na faɗa: abin da kuke saurare a waya ko CD bai kama ƙafar faifai ba.

Injiniya: Allah Ya jiƙan Baba. Amma Kawu, a gafarce ni, a nan ban bi ka ba. CD ɗin da Sony da Philips suka fito da shi a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa guda, ya kama duk abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji. Shi kuwa faifai allura ce ke bin layi, kuma tana matsawa tsakiya kyan sautin na raguwa, don layin da ke wucewa ƙarƙashinta a kowane juyi ya gajarta. Ga ƙaraf-ƙaraf na ƙura.

Kawu: Lissafi kake kawo mini, ni kuma kunne gare ni.

Goggo: Ƙaraf-ƙaraf ɗin ma ai a cikin kiɗan yake. Ku ba ku san Yaya da faya-fayan nan ba. Da hunturu sai ya goge kowanne da ƙyalle mai laushi kafin ya ɗora, kuma bai yarda rana ta gan su ba tun da guda ya lanƙwashe masa a mota. Ni na taɓa fasa masa mai juyi 78, irin mai nauyin nan da ke fashewa kamar tangaran. Kwana uku ban bi ta zaure ba.

Auta: Ina bayan Kawu. A 2022 faifai ya fi CD yawan saye a Amurka, karo na farko tun 1987. Duk mutanen nan kurame ne?

Injiniya: Auta, ciniki daban, sauti daban. Wani kwalin kawai yake so ya jingina a falo.

Yaya Babba: Ku dakata. Kawu, da me ka gwada shi?

Kawu: Da waƙar dai, wadda ke cikin wayata.

Yaya Babba: To ga inda gizo ke saƙar. Yawancin tsofaffin waƙoƙinmu da ke yawo a waya ba daga ainihin ɗaukar aka ciro su ba. Daga faifai aka juye a kaset, kaset ya haifi kaset, wani ma a bakin rediyo aka kama shi, sannan masu turi a kasuwa suka matse shi don ya shiga memori. Kowane juyi sai an zubar da wani abu, siririn amon sama ne ke fara tafiya. Kawu ya gwada uwa da tattaɓa-kunne. Dole uwa ta ci.

Kawu: Ato. Na ci ke nan.

Injiniya: Ka ci waccan wayar, Kawu, ba ka ci CD ba. Ka bar ni in zo Asabar in ɗauke shi kai tsaye cikin kwamfuta, mu rufe maka ido, ka nuna mana wanne ne faifai.

Kawu: Ka zo, amma ni zan ɗora da hannuna. Allurar na tsalle, sai na aza mata kwabo take zama.

Injiniya: Kwabo? Kawu don Allah cire shi, nauyin nan cinye layin yake yi. Kada a ƙara kunnawa sai na zo da sabuwar allura.

Goggo: Kwabon Yaya ne fa, tun yana raye yake kai.