Wanda taya ta taɓa fashe masa da babbar mota a hanyar Jos zuwa Abuja ya zo mu ji

Baban Yara, Bukuru:
Salamu alaikum jama'a. Ina da wata tsohuwar Kosta da na cire kujerun baya na sa katifa da ɗan kabad, in za mu biki ko ta'aziyya da iyali a ciki muke kwana, yarana suna ce mata ɗakin Baba. To ran Asabar muna gangarowa Hawan Kibo wajen biyar na yamma sai kawai na ji dam! ta bayan hagu, Allah ya so ni baya taya bibbiyu ne shi ya sa bata kwace min ba, na lallaɓa har ƙasan hawan na faka. Safaya akwai, jak akwai, amma noti ya ce bai san zance ba, ni da babban ɗana muka hau kan wil sifana muna tsalle har ta lanƙwashe. Dole na kira wasu masu kai ɗauki a hanya da na taɓa karɓar lambarsu, suka ce daga Jos za su taso, sai bayan isha yaronsu ya iso. Yana haska noti da fitilar waya ya kwashe da dariya, wai Alhaji ai tun ɗazu ƙara ɗaurewa kuke yi. Ashe notin ɓangaren hagu na motar juyin hagu ne, har da harafin L a kan ƙarfen, shekara shida ina da motar ban taɓa lura ba. Wa irin haka ta taɓa samu?

Tsohon Direba, Bauchi Road:
Hhh Alhaji sannu, amma wannan duk yaron mota ya sani. Kosta da Kanta da yawancin manyan motocin Japan na da haka suke, hagu juyin hagu, dama juyin dama. Ni abin da ya fi tsaya min a rai wurin da ka tsaya ne, ƙasan Kibo nan ne tirelar da birki ya tsinke mata take ƙarewa, mun sha gani. Na taɓa faci a nan da fasinja cike, farkon abin da na yi kowa ya sauka ya yi nesa da titi, na sa waigi da duwatsu gaba da baya, alamar nan mai kusurwa uku na kai ta can nesa na ƙara da ganye, sannan na taɓa jak. Kuma kar ka yarda da jak ɗin ƙaramar mota a ƙarƙashin Kosta, na mai tan biyar ake nema da katako a ƙasansa, da damina ƙasar gefen titi nutsewa take yi, idona ya ga jak ya shige laka mota ta zauna kan rim.

Maman Biyu, Kubwa:
Ni tawa abin kunya ce. Siyena ce, ni da yara da ƙanwata za mu Jos, mun wuce Keffi kaɗan kafin Garaku ƙusa ta shiga ta gaba. Na buɗe but na kwashe kaya tas a bakin titi, har da buhun doya, ban ga safaya ba, na kira Baban Biyu ina masifa wai ya sayo mota ba safaya. Shi ma yana mitin bai ɗauka ba sai na kira 122, lambar 'yan kiyaye haɗura, gaskiya sun ɗauka, sun tambaye ni daidai ina nake, kuma a nan na rikice don ban san sunan ƙauyen ba, sai da na tambayi wata mai saida gyaɗa. Da suka zo ɗayansu ya ɗaga kafet wajen ƙofar tsakiya ta dama ya juya wani noti sai ga taya tana saukowa daga ƙarƙashin mota kamar tsafi. Matsalar kuma ba iska a cikinta ko kaɗan, tun da aka sayi motar ba wanda ya taɓa ta. Ɗan acaba ne ya ɗauke ta ya kai wa mai faci ya dawo, ni dai ina ta addu'a kar ya gudu da ita.

Ɗan Dilimi:
Hajiya ai kin yi sa'a. Ni da dare ne a garin Forest da mota Hayis, wani mai faci ya ga ba ni da yadda zan yi ya saida min taya gwanjo kuɗin sabuwa, ko Akwanga ban kai ba ta kumbura. Da gari ya waye na duba lambobi huɗun nan na jikinta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2314, wato tun 2014 aka yi ta, zanenta kuwa kamar sabuwa. Tun daga nan ko a gaban wa sai na haska na karanta.

Tsohon Direba, Bauchi Road:
To kai ma Ɗan Dilimi ba irinsu kuke saida mana a kasuwarku ta kayan mota ba?

Ɗan Dilimi:
Haba Baba, ni fitila da madubi nake saidawa wallahi.

Malamin Makaranta, Gwagwalada:
Nawa ƙorafin kan masu zuwan ne. Bas ɗin makarantarmu ta yi faci bayan Giri da ɗalibai a ciki, na kira wani kamfani da muke biya duk shekara, na faɗa musu ƙarara babbar bas ce, sai ga mutum a ƙaramar mota da sifanar da ko notin bata shiga. Ya koma, ya sake dawowa, awa uku yara na kuka iyaye na kira. Amma in faɗi gaskiya ni ma da laifina, sun tambaye ni lambar girman tayar na ce ban sani ba, alhali tana rubuce ɓaro-ɓaro a jikinta. Yanzu na rubuta ta da maka a cikin ƙofar direba.

Baban Yara, Bukuru:
Na gode ƙwarai. Na manta ban faɗa ba, ta ciki ce ta fashe, sai da aka cire ta waje tukuna, kuma yaron ya ce in canza ta wajen ma don ita kaɗai ta ɗauki nauyi duk gangaren, ta yi zafi sosai. Ban ji maganarsa ba a ranar don aljihu ya yi sanyi, amma jiya na kai ta Farin Gada an sa biyu. Ɗan Dilimi, na duba, 2025 ce. Baba direba, jak mai tan biyar ɗin nan a ina zan samu mai kyau, kuma nawa yake yanzu?