Na yi tafiya ni kaɗai lokacin korona, in fitar da abin da na rubuta?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A ƙarshen 2020, da aka fara buɗe iyakoki, na yi tafiyar wata guda ni kaɗai. Gwajin korona na PCR kafin hawa jirgi, takunkumi a fuska, sannan kwana 14 a killace a ɗakin otal. A ɗakin nan na fara rubutu, tun ina yi don rage zaman shiru har littafin ya zama abokin hirata. Da na fito ban daina ba. Da can in ina tare da abokai hira ke cinye tafiyar, amma wannan karon har fuskar mai sharar filin jirgi na riƙe. Na cika littafi biyu.

Damuwata ita ce, a lokacin wasu na binne iyayensu, wasu sana'arsu ta tsaya cik. Aminina ya rasa mahaifinsa a watan da nake can. Ina jin nauyin in fito da labarin tafiya. In fitar, ko in bar shi a akwati?

Wani dattijo ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka fitar. Ibn Battuta, shahararren matafiyin nan, ya bar garinsu Tanja na ƙasar Maroko a 1325 yana ɗan shekara 21, kuma da bakinsa ya ce ba shi da abokin tafiya, ba ayari. A 1348 annobar ɗa'uni ta riske shi a Dimashƙa. Ya ba da labarin yadda mutanen garin suka yi azumin kwana uku, suka fita ba takalmi suna kuka suna addu'a, Musulmi da Alƙur'ani, Yahudawa da Attaura, Kiristoci da Linjila. Shi ma bai tsira daga rashi ba, kafin ya isa gida mahaifiyarsa ta rasu. Yau masana tarihi shafukan nan suke buɗewa in suna son sanin yadda annobar ta ratsa Sham. Alƙaluman hukuma za su faɗi yawan mamata, amma wa zai faɗi shirun filin jirgi in ba wanda ya tsaya a cikinsa ba?

Wata ma'aikaciyar jinya ta amsa:

Baba, a gafarce ni, ina da ɗan gyara. Ni a asibiti annobar ta same ni. Ƙanena, tun ranar 11 ga Maris 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona annoba ce ta duniya muke roƙon mutane su zauna inda suke, kuma lokacin da ka tafi rigakafi bai kai ga yawancin jama'a ba. Mun san hadisin nan: in annoba ta ɓulla a wata ƙasa kada a shige ta, wanda ke ciki kada ya fita. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda haka. Hajjin 2020 ma mazauna Saudiyya kaɗai aka bari, su ma 'yan ƙalilan.

Ban ce ka ƙona littafinka ba. Amma kada ka rubuta shi kamar ka yi jarumtaka. Tafiya kai kaɗai ta rage maka cuɗanya, ba ta kawar da ita ba. Akwai direba, akwai mai gyara maka ɗaki, su ba su da zaɓin zama gida. Ka faɗi dalilin tafiyarka tsakani da Allah, su kuma ka ba su wuri a labarin.

Wani ɗan'uwa ya amsa:

Kafin kowa ya gani ka kai wa amininka ya karanta. Ka kuma cire sunan duk wanda ba ka nemi izininsa ba.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaya, maganarki ta shige ni. Gaskiya tafiyar ba dole ba ce, zaman gida ne ya ishe ni, kuma ban taɓa rubuta hakan ba ko a littafin. Zan sa shi a shafin farko. Jiya na sake karantawa, na tarar ranar da aka aiko mini labarin rasuwar ban rubuta komai ba sai kwanan wata. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa aminina littafin.