Musayar Waƙa a kan Karl Landsteiner, Mai Gano Rukunonin Jini

Malamin Zaure:

Da sunan Allah nake buɗe wannan zance,
Shi ne Ya shimfiɗa jijiya, Ya gudanar da jini.
A 1868 aka haifi Karl Landsteiner a ƙasar Ostiriya,
Yana ɗan shekara shida ya rasa uba, ya yi maraici tun yana ƙanƙani.
Ya kammala karatun likita a Vienna a 1891,
Sai ya fifita ɗakin gwaji a kan zaman rubuta magani.
A lokacinsa, idan aka yi wa majinyaci ƙarin jini,
Wani ya tashi, wani ya cika, likitoci na cikin ruɗani.
Ya ɗebi nasa da na abokan aikinsa, ya raba ƙwayoyi da ruwansu,
Ya gauraya na wannan da na wancan, ya zura ido domin ya gani.
Wani haɗin ya yi gudaji kamar kunun da aka dama da garaje,
Wani ya zauna lafiya, sai a 1901 ya wallafa bayani.

Ɗan Ɗakin Gwaji:

Allah Ya gafarta Malam, ka yi gwaninta,
Amma zan ɗora gyara kaɗan idan ka ba ni izini.
Rukuni uku ya gano, ya kira su A da B da C,
Wannan C ɗin shi ne O da muke rubutawa a zamani.
Na huɗu, wato AB, abokan aikinsa Decastello da Sturli ne suka gano shi a 1902,
Bai kamata a haɗa kason kowa a bai wa mutum ɗaya don shi ne gwani.
Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya talauci ya kore shi daga Vienna,
Ya zauna a Holan, sannan cibiyar bincike ta Rockefeller ta kira shi New York, babban birni.
Lambar Nobel kuwa sai a 1930 ta same shi,
Shekara 29 ke nan kafin masu rabon lamba su yaba da amfani.

Ungozoma:

Malam da ƙanina, kun tsallake abin da ya fi shafar ɗakin haihuwa,
Wato Rh, wani sinadari a kan ƙwayoyin jini, wanda Landsteiner da abokin bincikensa Wiener suka bayyana a 1940 ga kowane masani.
Da jinin biri da jikin zomo suka yi gwajin,
Likita Levine kuma ya nuna yadda Rh yake shiga uwa da ɗanta tsakani.
Idan uwa ba ta da shi, ɗan cikinta kuwa ya gado shi daga uba,
Na fari yakan tsira, na baya ya fito da shawara, jiki ya sauya launi.
Na sha ganin matar da dangin miji suka laƙaba wa wabi,
Alhali allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ita ce rigakafin wannan rauni.
Kuma, ƙanina, ka riƙa faɗa wa masu zuwa gwajin aure,
Cewa gwajin sikila daban yake, ba shi ne ke faɗin rukuni.

Malamin Zaure:

Na karɓi gyaranku, 'ya'yana, bari in kai ku ƙarshen ransa,
Ya kai shekarun ritaya, amma ya ci gaba da aiki damina da rani.
Ciwon zuciya ya kama shi a ɗakin gwajinsa yana da shekara 75,
Bayan kwana biyu ya rasu, a 1943, ranar 26 ga Yuni.