Abin da aka gaya wa abokinmu bayan rasuwar mahaifinsa a Tawa

Kwana uku da binne mahaifin abokinmu, muka zauna a fada bayan isha'i, ana dafa shayi, shi kuwa ya kasa ko kurɓa. Abin da ke cinsa shi ne yana kan hanya daga Yamai aka yi jana'iza, bai ga fuskar tsohon ba.

Wani dattijo maƙwabci ya ce masa gaggauta binne mamaci sunna ce, kada ya riƙe ƙannensa a zuciya. Ya je maƙabarta da safe, ya tsaya a bakin kabarin ya yi masa addu'a. Wasu malamai ma sun yarda wanda bai samu salla ba ya yi ta a kan kabari, kabbara huɗu, babu ruku'u babu sujada.

Kan kuka aka fi daɗewa. Samari suka ce namiji ya daure. Liman ya tuna musu Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ihu da yage tufafi ne aka hana. Ni kam a nan na tsaya, don na ga yadda dauriyar dole ke cin mutum a ɓoye.

Sauran shawarwarin gajeru ne. A bincika bashin marigayi a biya kafin a taɓa gado. A ci gaba da gaida aminansa. Sannan kada ya yi saurin komawa Yamai, domin Inna za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, kuma masu gaisuwa na watsewa ne gidan zai yi mata faɗi.